Radar Yanayi: Yadda Take Hango Hadari, da Iyakar Ganinta a Ƙasar Gobir

Radar yanayi na'ura ce da ke harba igiyoyin rediyo cikin sararin samaniya, sannan ta kasa kunne ga abin da ya dawo mata daga ɗigon ruwa da ƙanƙarar da ke cikin gajimare. Da wannan amsa-kuwwa take gane inda ruwa ke zuba a daidai lokacin, da ƙarfinsa, da inda hadarin ya dosa. Babban amfaninta shi ne amsa tambayar da ta fi damun matuƙin jirgi da ɗan kasuwa da manomi a ranar damina: me zai faru nan da sa'a ɗaya zuwa uku?

Sai dai idon rada yana da iyaka. Tana gani sarai a kusa, ganin nata kuma yana raguwa gwargwadon nisa. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato daura da Jamhuriyar Nijar, suna cikin yankunan da wannan iyaka ta shafa. Ruwan da suke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma yakan zo ne cikin hadari mai iska da tsawa wanda ke iya sauke rabon makonni a dare guda.

Asalin na'urar

A ƙarshen shekarun 1880 masanin kimiyya Heinrich Hertz na Jamus ya nuna cewa igiyar rediyo tana dawowa idan ta bugi ƙarfe, kamar yadda murya ke dawowa daga jikin dutse. A 1935 Robert Watson-Watt ya gwada wa gwamnatin Birtaniya yadda za a gano jirgin sama da wannan dabara. Kafin nan ya yi shekaru yana bin sawun tsawa ta hanyar ƙarar da walƙiya ke haddasawa a rediyo. Sunan rada kuwa sojojin ruwan Amurka ne suka raɗa shi a 1940.

A Yaƙin Duniya na Biyu masu gadin sararin sama sun yi ta kukan wasu tabo da ke cika musu allo suna ɓoye jiragen abokan gaba. Da aka bincika, ashe ruwan sama ne. Bayan yaƙi, masana yanayi suka karɓi abin da sojoji ke ɗauka cikas suka mai da shi abin aiki. A 1948 J. S. Marshall da W. M. Palmer na Jami'ar McGill a Kanada suka fitar da bincike kan girman ɗigon ruwa, wanda har yau ake dogaro da shi wajen juya amsa-kuwwar rada zuwa ma'aunin ruwan sama.

Yadda take aiki

Wanda ya taɓa ganin wata farar ƙwallo babba a kan hasumiya kusa da filin jirgin sama, to ya ga rigar rada. A cikin ƙwallon akwai faifai irin na tauraron ɗan'adam, amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Na manyan radojin Amurka faɗinsa ya kai mita 8.5. Faifan yana tattara igiyar ya mai da ita siririn haske kamar na tocila, mai buɗewar kusan digiri ɗaya.

Rada ba ta magana a jere. Takan saki ɗan gajeren bugu da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na sakan ba, sai ta yi shiru tana sauraro, ta maimaita haka sau ɗaruruwa a kowane sakan. Fiye da kashi 99 cikin 100 na lokacinta a sauraro yake ƙarewa.

Nisa kuwa daga lokaci ake lissafa shi. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a sakan. Idan amsa ta dawo bayan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, to igiyar ta yi tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa, wato ruwan yana nisan kilomita 150. Inda faifan ya fuskanta a lokacin shi ke nuna shiyyar. Faifan yana juyawa ya kewaye dukkan kusurwoyi, ya ɗan ɗaga kai ya sake kewayawa, har ya leƙa hadarin daga gindi zuwa ƙololuwa. Zagaye cikakke yana ɗaukar minti 5 zuwa 10, daga nan a sake sabo.

Masu sauraron rediyo sun saba da gajeren zango mai mita 49 ko mita 31. Zangon rada ya fi wannan gajarta ƙwarai: santimita 10 ga rukunin S, kusan 5 ga rukunin C, kusan 3 ga rukunin X. Mai santimita 10 tana ratsa ruwa mai ƙarfi ba tare da ta raunana sosai ba, amma tana buƙatar babban faifai da kuɗi masu yawa. Mai santimita 3 tana da araha da sauƙin ɗauka, sai dai ruwa mai kauri yana shanye ƙarfinta, ta kasa ganin abin da ke bayansa.

Daga amsa-kuwwa zuwa milimita

Ƙarfin amsar da ta dawo ya dogara ne ga yawan ɗigon ruwa da girmansu, amma girma ya fi tasiri. Ɗigon da faɗinsa ya ninka na wani sau biyu yana mayar da amsa mai ƙarfi ninki 64. Shi ya sa manyan ɗigo kaɗan ke iya bayyana a allo fiye da yayyafi mai yawa.

Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin dBZ, kuma shi ne launukan da ake gani a taswira. Bisa lissafin da aka saba amfani da shi, dBZ 20 yayyafi ne da bai kai milimita ɗaya a sa'a ba. Idan ya kai 30, kusan milimita 3 ke nan a sa'a. 40 kusan milimita 12. 50 kuwa ya doshi milimita 50, wato ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga 55 zuwa sama sai a fara zargin ƙanƙara. A yawancin taswirori shuɗi da kore na nufin ruwa mai sauƙi, rawaya matsakaici, ja kuma mai ƙarfi.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne. Dole a riƙa gwada su da ma'aunin ruwa na ƙasa, irin mazubin da ake girkewa a tashoshin yanayi da ofisoshin gona. Mazubi yana faɗin gaskiyar wuri ɗaya tak, rada kuwa tana ba da hoton dubban murabba'in kilomita, kowanne yana gyara wa ɗaya.

Auna iska

A 1842 Christian Doppler na Ostiriya ya bayyana dalilin da ya sa sautin abu mai tahowa ke sirancewa, na mai tafiya kuma ke yin kauri. Duk wanda ya tsaya a bakin titi motar da ke danna oda ta wuce shi ya ji wannan sauyi. Haka igiyar rada ke ɗan sauyawa idan ɗigon da ta buga yana matsowa ko yana nisanta. Tun da iska ce ke ɗauke da ɗigon, gudunsa shi ne gudun iskar. Radar da ke auna wannan ita ake kira radar Doppler. Sai dai abin da ke tahowa gare ta ko yake barin ta kaɗai take aunawa. Iskar da ke gilmawa ta gabanta ba ta bayyana.

Sababbin radoji suna aika igiya iri biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Babban ɗigon ruwa yakan baje yayin faɗowa, faɗinsa ya fi tsayinsa, ƙanƙara kuwa tana wuntsilawa ne, sai ta bayyana kamar dunƙule. Bambancin amsoshin biyu yana raba ruwa da ƙanƙara, ya kuma raba su da tsuntsaye da ƙwari. Amurka ta kammala sanya wannan fasaha a radojinta kimanin 160 a 2013.

Irin hadarin Sahel

Mafi yawan ruwan da ke sauka a ƙasar Hausa ta arewa yana zuwa ne daga manyan jerin hadari da ke tasowa daga gabas su nausa yamma. Tsawon jeri ɗaya daga arewa zuwa kudu yana iya kai ɗaruruwan kilomita, ƙololuwarsa ta kai kilomita 15 a sama, gudunsa kuma kilomita 40 zuwa 60 a sa'a. Tsarinsa sananne ne ga kowane Bagobiri: gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi da jar ƙura ta riga ruwa isowa, a yi kamar rabin sa'a ana tafka ruwa da tsawa, sannan yayyafi ya biyo baya na sa'o'i.

Da rada aka fahimci cikin wannan hadari. An yi irin wannan bincike a Korhogo ta ƙasar Kwaddibuwa a 1981, kuma a daminar 2006 aka girke radar Doppler ta cibiyar MIT ta Amurka a filin jirgin saman Yamai, ƙarƙashin shirin AMMA na nazarin daminar Afirka ta Yamma. Wani bincike da Christopher Taylor na Birtaniya ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2017, ya gano cewa aukuwar hadari mafi tsanani a Sahel ta ninka sau uku tun daga 1982.

Wannan tafiya ta gabas zuwa yamma ita ce ke ba rada daraja a nan. Hadarin da aka hango a nisan kilomita 150 yana gudun kilomita 50 a sa'a ya ba da ratar sa'a uku. Daga Maradi zuwa Sabon Birni a miƙe bai kai kilomita 100 ba, wato tafiyar ƙasa da sa'a biyu ga hadari. Wannan rata ta isa a rufe buhunan gero da wake a kasuwa, a kwashe shanya, a dakatar da kwalekwale a mashigi, a kuma fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin ƙasa da ya jiƙa.

Rada a Najeriya

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da alhakin sa ido kan yanayi a ƙasar. Buƙatar rada ta fito fili ne ta hanya mai ɗaci. A ranar 10 ga Disamba 2005 jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal yayin sauka cikin hadari, mutum 108 suka rasu. A ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. A duka biyun, binciken hukuma ya ambaci mummunan yanayi da juyawar iska ta farat ɗaya, wadda ke kwashe ƙarfin tashin jirgi a kusa da ƙasa.

A shekarun da suka biyo baya gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin girke radar Doppler guda 6 a Abuja, Fatakwal, Legas, Kano, Maiduguri da Yola. An bi manyan filayen jiragen sama ne wajen zaɓen wuraren. Sakkwato ba ta cikin jerin, don haka Kano ce mafi kusa da ƙasar Gobir.

Matsalar nisa

Daga Kano zuwa Isa a miƙe kusan kilomita 270 ne, zuwa Sabon Birni kuma ya doshi 300. Abuja tana nisan kimanin kilomita 500, Yamai kuwa kimanin 450.

Abin da ya sa nisa ke da muhimmanci shi ne duniya a dunƙule take, hasken rada kuwa kusan a miƙe yake tafiya. Ko da an sunkuyar da faifan zuwa rabin digiri, ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashin hasken. A nisan kilomita 100 tsakiyar hasken tana kusan kilomita ɗaya da rabi a sama. A 200 ta kai kilomita 4. A 300 kuwa ta doshi kilomita 8. Kazalika hasken yana buɗewa, har faɗinsa ya wuce kilomita 5 a wannan nisa.

Ke nan radar Kano, ko da tana aiki ba dare ba rana, saman hadari kawai take iya gani a kan Sabon Birni. Za ta san akwai babban hadari, amma ba za ta iya faɗin yawan ruwan da ya kai ƙasa ba, balle iskar da ke kwashe rufin kwano. Hadari gajere kuwa zai wuce ta ƙarƙashin idonta. Shi ya sa masana ke ɗaukar kilomita 100 zuwa 150 a matsayin iyakar da ake amincewa da ma'aunin ruwan rada.

Duk da haka ba a rasa amfani ba. Birnin Katsina yana nisan kusan kilomita 150 daga Kano, kuma ta wannan shiyya hadari da yawa ke bi kafin ya isa Zurmi da Shinkafi da Isa. Da a ce akwai rada a filin jirgin saman Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, wanda ke nisan kimanin kilomita 130 zuwa 140 daga garuruwan biyu, haskenta zai ratsa samansu a tsayin da bai wuce kilomita biyu da rabi ba, wato cikin iyakar aunawa.

Gulbi da ambaliya

Barazanar ruwa a wannan yanki ba daga sama kaɗai take zuwa ba. Kogin Rima yana samun ruwansa ne daga Gagare da ke bi ta Ƙauran Namoda, da Bunsuru da ke fitowa daga ƙasar Katsina, da Gulbin Maradi, wanda ke tasowa a Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ta Maradi da Tibiri, sannan ya dawo Najeriya. Duk suna haɗuwa a wannan kusurwa kafin su gangara madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 kuma take iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900.

Saboda haka gulbi yana iya cika ya shafe gonakin fadama a ranar da ko ɗigo bai sauka a Isa ba. A Satumban 2010 ambaliyar kwarin Rima ta raba dubban mutane da muhallansu, ta kuma yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A irin wannan hali rada tana tara lissafin ruwan da ya sauka a kan dukkan yankin da ke zuba cikin kogi, sa'a bayan sa'a. Idan aka haɗa wannan da ma'aunin tsayin ruwa a koguna, wanda ke hannun Hukumar Kula da Harkokin Ruwa ta NIHSA, masu kula da madatsa suna samun damar sakin ruwa sannu a hankali tun da wuri. Tun da wani ɓangare na ruwan a Nijar yake sauka, musayar bayanai tsakanin ƙasashen biyu wajibi ce.

Abin da ke ruɗin rada

Ba duk abin da ya bayyana a allo ne ruwa ba. Duwatsu da dogayen gine-gine suna mayar da amsa, haka ma garken jan-baki da na fara. Da asuba, idan ƙasa ta yi sanyi iskar sama kuma tana da ɗumi, hasken yakan tanƙwaro ya bugi ƙasa, sai a ga kamar ruwa alhali sama garau take. A farkon damina, iskar ƙasa tana da bushewa har ruwa yakan ƙafe kafin ya sauko, rada ta nuna ruwa, manomi kuwa ƙura kawai ya gani. Hazon hunturu kuma ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta da yawa, ba ya bayyana sosai.

Haka nan rada ba ta faɗin ranar da damina za ta kankama ko yaushe za a yi shuka. Wannan aikin hasashen shekara ne da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ake ginawa kan zafin tekuna da lissafin kwamfuta. Rada abin da ya riga ya haɗu take gani.

Abin da ke cike giɓin

Inda rada ba ta kai ba, tauraron ɗan'adam ake dubawa. Taurarin Meteosat na Turai, daga nisan kilomita 36,000, suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon samfurin da aka harba a Disamban 2022 kuma duk minti 10, tare da na'urar ƙirga walƙiya. Suna auna sanyin saman gajimare: iya sanyinsa, iya tsayinsa, iya yiwuwar ruwa mai ƙarfi. Amma daga sama suke kallo, ba sa ganin cikin hadari. Tauraron GPM na Amurka da Japan, wanda aka harba a 2014, yana ɗauke da rada, sai dai wucewa yake yi, ba ya tsayawa kan wuri ɗaya. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suna sarrafa irin waɗannan bayanai don ƙasashen yankin.

Akwai kuma wata dabara mai araha. Ruwan sama yana raunana igiyar da ke tafiya tsakanin turakun wayar salula, kuma daga wannan rauni ana iya lissafa ƙarfin ruwan. An gwada haka a Burkina Faso a daminar 2012, sakamakon ya yi kusa da na ma'aunin ƙasa.

Isar da gargaɗi

Rada tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, da injiniyoyi, da kayan gyara da ake sayowa da kuɗin waje, da tsaro. Ko an samu duk wannan, gargaɗin sa'a biyu ba shi da amfani idan ya kwana a ofis. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni, abin da ya nuna hatsarin dogaro da waya kaɗai. Gidajen rediyo, da fadar hakimai da dagatai, da shugabannin kasuwa da na direbobi, da lasifikar masallatai, su ne hanyoyin da saƙo ke bi ya kai ga jama'a, muddin an faɗe shi da Hausa bayyananniya: wane gari, wane lokaci, me za a yi.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Ga mazauna Sabon Birni da Isa, cikar wannan buri ta rataya ne kan abubuwa uku: rada a nisan da za ta ga gindin hadari, ma'aunan ruwa a kan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maradi, da hanyar da labari zai isa ƙauye kafin ƙura ta iso.